Kambun da mai kamfani ya ci fiye da sau 50: tarihi ne ko wasan yara?

Ɗan_Fagge88
Salamu alaikum 'yan gida. Daren jiya barci ya ƙi zuwa, na faɗa YouTube ina kallon tsofaffin wasannin resilin, ban ankara ba sai ga ni a Memfis ta jihar Tenesi a Amurka. Ni duk zamana da Jerry Lawler na ɗauka ɗan sharhi ne kawai, tsohon nan mai hular sarauta da ke zama gefen Jim Ross yana ihu kamar an taka masa yatsa. Ashe a garinsu dodo ne. Akwai wani kambu da suke ce wa Southern Heavyweight, wato kambun Kudu na masu nauyi, shi kaɗai ya ɗauke shi fiye da sau 50. Da na ƙara tonawa sai na ga ashe yana da kaso a kamfanin, kuma yana cikin masu tsara wa zai ci wa zai faɗi. To don Allah kambun da mutum ke ba kansa da kansa har wani tarihi gare shi? Ni a ganina mai shayi ne ya naɗa kansa sarkin masu shayin teburinsa.

Sarkin_Gardama
Ka gama magana ɗan Fagge. Resilin kaf ɗinsa dirama ne. Ko sau dubu ya ci, biro ne ya ci masa, ba ƙwanji ba.

Injiniya_Bash
Ku dakata, kada ku auna abin da mudun WWE ta yau. A wancan zamanin babu kamfani guda da ya mallaki Amurka. Tun 1948 masu shirya wasa suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar NWA, suka raba ƙasar kamar gonar gado: wannan nasa Teksas, wannan Fulorida, wancan Karolaina. Ba ka shiga gonar wani ka kafa dandamali. Zakaran duniya ɗaya ne tal, yawo yake yi gari-gari, sai jefi-jefi yake leƙo ku. To sauran makonnin me za a sayar wa mutane? Shi ya sa kowane yanki ya yi nasa kambun, na Memfis shi ne wannan na Kudu. Da can na masu matsakaicin nauyi ne, a 1974 aka mayar da shi na manya. A shekarar ce kuma Lawler ya kayar da Jackie Fargo, mutumin da ya koya masa sana'ar, sunan Sarki ya bi shi.

Abin da ba ka sa a lissafi ba ɗan Fagge shi ne, duk daren Litinin ake wasa a zauren Mid-South Coliseum, wuri mai cin mutum sama da 10,000. Duk Litinin fa. Mutanen makon jiya su ne na yau, su ne na makon gobe. Talata a wuce Luwisbil, Laraba Ebansbil, Asabar da safe a yi shiri kai tsaye a talabijin a zuga jama'a saboda Litinin mai zuwa. In ka ɗaura wa kanka kambu alhali ba kai ake son gani ba, kujeru ne za su ba ka amsa, kuma aljihunka ne zai ji jiki tunda kamfanin naka ne.

Ɗan_Fagge88
Na ji Injiniya. Amma wanda ya ci sau 50 ai ya rasa sau 50 ke nan. Wane irin sarki ne kullum ana tuɓe masa rawani?

Injiniya_Bash
Ai a nan cinikin yake. Sarki na zaune lafiya a karaga wa zai biya kuɗin ƙofa? Sai an kawo baƙo ya ƙwace ta hanyar zamba, gari ya kwana da haushi, a yi mako uku huɗu ana bin sa yana zillewa. Ran da Sarki zai karɓo kayansa sai a rasa wurin zama. In an huce a sake kawo wani bos ɗin.

Ga ma hujja kan maganar mai kamfani. Kafin 1977 Nick Gulas ne babba a yankin. Ya dage sai ɗansa George ya zama tauraro, yaron kuwa ba ya jan jama'a. Jerry Jarrett, wanda ke kula da ɓangaren Memfis, ya ce ba da shi ba, ya ɓalle ya kafa nasa. Lawler ya bi shi, mai sharhi Lance Russell ya bi shi, 'yan kallo ma suka bi su. 'Yan shekaru kaɗan kamfanin Gulas ya rufe. Shi ma biro gare shi fa, Sarkin Gardama. Me ya hana biron ya yi wa ɗansa aiki?

Sarkin_Gardama
Biron nasa ba tawada.

Malam_Nura
Ƙari kan bayanin Injiniya, don masu nema a intanet kada su rikice. Za ku ga wani wuri an rubuta NWA Southern, wani wuri AWA Southern. Kambu ɗaya ne. A 1978 Jarrett ya ƙulla hulɗa da kamfanin AWA na Verne Gagne da ke Miniyapolis, sai aka sauya harufan gaban sunan. Sannan a 1980 Lawler ya karye a ƙafa wajen wasan ƙwallo da abokai, karaya ta gaske, ya shafe kusan shekarar a gida. Kasuwa ta ja baya. Da ya dawo a ƙarshen Disamba zauren ya cika. Wannan ba wanda ya rubuta shi.

Kawu_Sale
Yaran nan kun tuna min da. Mu namu resilin ɗin a NTA muka gan shi, a talabijin mai baƙi da fari ta gidan wani maƙwabcinmu ma'aikacin reluwe, ita kaɗai ce a layin. Su Mighty Igor, su Mil Mascaras mai rufe fuska, ga namu na gida Power Mike. Muna zaune a tabarma, manya a benci, in hoto ya fara rawa a tura yaro ya juya eriya ana yi masa ihu ta taga. Kakarmu Allah ya jiƙanta in aka taru wa mutum ɗaya sai ta tashi tana salati tana cewa yanzu duk cikin Turawan nan babu mai raba su? Memfis kam ba mu san da ita ba. Amma daga baya zamanin kaset na ga wani ƙato Kamala, ɗan Yuganda, mai zane a ciki yana dukan tumbinsa. Shi na fi tsoro.

Malam_Nura
Kawu, a gafarce ni, zan ɓata maka yarinta. Kamala ba ɗan Yuganda ba ne. Sunansa James Harris, haifaffen jihar Misisipi, maƙwabciyar Memfis. Lawler da Jarrett ne suka ƙirƙiro shi a 1982. Suka shafa masa fenti a fuska da ƙirji, suka ɗaura masa zane, suka ba shi mashi, suka kai shi gonar Jarrett suka ɗauki bidiyonsa yana fitowa daga cikin ciyayi, aka ce dajin Afirka ne, wai tsohon dogarin Idi Amin. Aka hana shi yin Turanci a gaban mutane. A watan Yunin shekarar ya kayar da Lawler ya ɗauki wannan kambun da muke magana a kai, bayan 'yan makonni Sarki ya karɓe abinsa. Daga nan ya zaga duniya da wannan shigar har ya kara da Hulk Hogan da Andateka. Ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafafu daga baya, ya rasu a 2020.

Kawu_Sale
Innalillahi. Shekara nawa ina ba mutane labarin ɗan Yuganda. Malam Nura ka cuce ni.

Maman_Hanif
Ni wannan bai ba ni dariya ba wallahi. Wato in za a nuna mutumin Afirka sai an tuɓe shi, an ba shi mashi, an ce ba ya jin magana sai an yi masa nuni kamar dabba? Kuma baƙin mutum ɗan uwanmu aka sa ya yi. Mu kuma muna nan muna tafi. In tarihin kambun ke nan to a rubuta har da wannan, kada a tsaya kan cika zaure kawai.

Injiniya_Bash
Gaskiyarki Hajiya, ba ni da ja. Sun sayar da abin da suka san mutanensu sun riga sun yarda da shi game da mu. Ni abin da ya fi ci min rai, ko a nan gida an yarda, ga Kawu nan shaida.

Direban_Tirela_US
Ina ta karantawa ina jiran a sauke min kaya. Ni na sha ratsa Memfis, babbar hanya mai lamba 40 ta cikinta ta bi ta haye kogin Misisipi. Wata rana na sami sarari na je na ga zauren nan da idona. A rufe yake tun 2006. Gini ne zagayayye mai rufi kamar an kifa ƙwarya, filin ajiye motoci fetal ba kowa, ciyawa ta tsaga kwalta ta fito. Na daɗe a tsaye ina mamakin wai nan ne ake turmutsutsu duk Litinin. Amma ka tari duk wani dattijo a garin, fari ko baƙi, ka ce Lawler, sai ka gaji da labari.

Kan maganar Maman Hanif, garin yana da ɗaya fuskar. Nan ne fa aka harbe Martin Luther King a 1968, wariya ta yi musu katutu. A ƙarshen shekarun 1950 akwai wani Bature ɗan resilin, Sputnik Monroe, mai farin gashi tsiri ɗaya a gaban kai. A tsohon zauren Ellis baƙaƙe can sama ake cusa su a wani ɗan lungu. Shi kuwa a unguwar baƙaƙe yake yawonsa, titin Beale, har 'yan sanda suka kama shi saboda zama a wurin shan baƙaƙe, ya ɗauko lauya baƙar fata ya tsaya masa a kotu. Baƙaƙe suka riƙa tururuwa don shi har lungun ya kasa ɗaukarsu, ya ce in ba a bar su sun zauna ko'ina ba, zai daina wasa. Masu zaure suka duba kuɗi suka sakar musu.

Malam_Nura
Labarin Monroe haka yake, sai dai a lura ya riga kambun namu. Shi kambun jihar Tenesi ya riƙe a lokacin. Baƙin da na san ya riƙe na Kudu tun a shekarun 1970 shi ne Rocky Johnson.

Abba_Cena
Rocky Johnson baban The Rock??

Malam_Nura
Shi fa. Ɗan ma a Memfis ya yi koyon aiki a 1996 da sunan Flex Kavana, shi da bakinsa yake cewa dala 40 ake ba shi a dare. Andateka ma ya bi ta nan a 1989, ana ce masa Master of Pain. Hogan ya bi ta nan a 1979. Randy Savage kuwa har kambun Kudun ya ɗauka a 1985, Lawler ya kayar da shi a wasan wanda ya faɗi ya bar gari, ya tattara ya tafi WWF, wato WWE ta yanzu.

Abba_Cena
Dala 40 lol. Yanzu ko mai goge masa takalmi ya fi haka.

Ɗan_Tawa
Ku gahurce ni 'yan uwa, ni daga Tawa nike, ina ta saurare. In kambu mai tarihi kuke biɗa ku taho Nijar. Tun 1975 anka hwara kokowar takobi, nan garinmu, zamanin Seyni Kountché, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Yanzu jaha takwas, kowace ta kawo 'yan kokowa goma, ana zagayawa da ita jaha jaha. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi har sau shidda, kuma ba wanda ya zamna ofis ya rubuta mishi ko guda. Wanda anka kayar ya kwashe layunshi ya koma gida sai baɗi. Lokacin kokowa ko ɗan tebur rediyo na manne ga kunnenshi, kana miƙa mishi kuɗi bai ganin ka. Shidda ɗin nan ta hi hamsin ɗin Baturenku nauyi.

Sarkin_Gardama
Allah ya biya ka mutumin Tawa. A rufe zaren nan haka.

Injiniya_Bash
Ba wanda ya ce a haɗa su a sikeli ɗaya. Takobi yana gaya maka wa ya fi ƙarfi da dabara a shekarar. Kambun Memfis yana gaya maka wa mutanen garin suka yarda su cire kuɗin aljihunsu su gani, mako bayan mako. Tambaya biyu ce daban. Ko a damben gargajiya namu da ake naushi na gaske, mai gidan dambe ya san wace haɗuwa ce ke kawo mutane tsakanin Kudu da Arewa, kuma ita yake ajiyewa sai ranar kasuwa.

Ku ɗauki rigimar Andy Kaufman. Ɗan barkwanci ne sananne a talabijin ɗin Amurka, siriri, ba ƙwanji ko kaɗan. Ya zo Memfis yana kokawa da mata yana cewa zai ba da dala 1,000 ga wadda ta kayar da shi. Yana aiko da bidiyo yana koya wa mutanen garin yadda ake wanka da sabulu, wai ƙauyawa ne. Gari ya ɗauki zafi. Ranar 5 ga Afrilu 1982 suka haɗu da Lawler, ya ɗaga shi ya juya kansa ƙasa ya doka, har sau biyu, motar asibiti ta fitar da shi. A dokar Memfis wannan kamun haramun ne, don haka a takarda Kaufman ne ma ya ci wasan. Ya yi watanni yana yawo da abin tallafe wuya. A watan Yuli suka haɗu a shirin David Letterman, Lawler ya kwaɗa masa mari ya faɗo daga kujera, shi kuma ya watsa masa kofi yana zagi. Amurka kaf ta ɗauka faɗan gaske ne. Kaufman ya rasu a 1984, sai bayan wajen shekara goma aka bayyana cewa abokai ne, tare suka kitsa. Shiri ne, na yarda. Amma shirin da zai rufe ƙasa guda ido shekara da shekaru ai shi ma gwaninta ce.

Maman_Hanif
Wannan doka kan da ka faɗa shi ya sa na hana kallon resilin a gidana wata uku. Na fito daga kicin na tarar Hanif ya juya ƙaninsa kai ƙasa a kan katifa, wai Andateka ne shi. Ludayin hannuna ne ya raba faɗan. Su can sun san yadda suke matse kan da cinya kada ya taɓa ƙasa, yaro ina ya sani?

Kawu_Sale
Hajiya ai ludayi ma kamun haramun ne a dokar Memfis.

Maman_Hanif
Kawu a gidana ni ce lafiri.

Ɗan_Fagge88
Injiniya, a wasan Kaufman ɗin ai ba a sa kambu ba. Ka ga ke nan ko babu kambun ma za a cika zauren. Maganata ta dawo.

Injiniya_Bash
Ba a sa ba, gaskiya ne. Amma me ya sa Lawler ne zai rama wa gari ba wani ba? Saboda shekara takwas suna ganin sa yana tare ƙofa da wannan kambun. Kuma Memfis sun iya ƙara gishiri in kambu kaɗai ya fara salancewa. Shi da Bill Dundee, wani gajere ɗan Ostireliya, sun yi ta yi tun 1977: a sa kambu, a sa mota, a sa gashin kai. Da aka aske Dundee sai ya sa gashin matarsa, ita ma aka aske ta a gaban jama'a.

Wanda ya fi duka shi ne na 27 ga Afrilu 1987, Lawler da Austin Idol a cikin keji, wanda ya faɗi a aske shi. Idol ya yi alkawarin in ya faɗi zai mayar wa kowa kuɗin tikitinsa. Ka ga kowa ya zo da tabbacin zai ga aski kuma ya koma da kuɗinsa. Ashe tun kafin a buɗe ƙofa Tommy Rich yana kwance a ƙarƙashin dandamalin, awa da awanni. Ana tsakiyar wasa ya fito, suka taru wa Sarki, aka aske shi a garinsu. Kejin da aka kafa don faɗa shi ya ceci su Idol, don mutane hawa suka fara yi, sai da 'yan sanda suka fitar da su. Manajan Idol a daren, wani saurayi mai surutu, shi ne Paul Heyman ɗin da kuka sani tare da Roman Reigns.

Maman_Hanif
Tsaya. Matar tasa ta yarda aka aske ta saboda wasan da an riga an san ƙarshensa? Lallai. Ni ko nawa za a ba ni.

Abba_Cena
Heyman tun 1987 yake cin amana ashe. To ina kambun yake yanzu, wa ke riƙe da shi?

Malam_Nura
Babu shi Abba. A Disamba 1987 aka narka shi da wasu kambuna biyu aka yi guda ɗaya mai sunan kamfanin, CWA. Lokacin duniyar ta riga ta juya. Vince McMahon ya sayi kamfanin ubansa, WWF, a 1982, ya yi watsi da maganar iyaka, ya shiga gonar kowa ta talabijin ɗin kebul, yana ɗauke taurarin mutane da kuɗi. Jimmy Hart, manajan da ya fi kowa addabar Lawler, shi ma can ya koma. Yaron da ya ga WrestleMania a 1985 ka ce masa zakaran Kudu, sai ya ce Kudun ina? Shi ya sa suka koma neman na duniya: 9 ga Mayu 1988 Lawler ya kayar da Curt Hennig a Memfis ya ɗauki kambun duniya na AWA, Jackie Fargo ne ma alƙalin wasan. Sun ci gaba da lallaɓawa da sunan USWA, har shi Lawler ya kama aiki da WWF a ƙarshen 1992 yana haɗawa da na gida. A 1997 aka rufe. Duk da haka sun fi kusan duk sauran yankunan daɗewa.

Sarkin_Gardama
Kuma a 1989 kamfanin McMahon da kansa ya je gaban majalisar jihar Niyu Jazi ya ce abin nishaɗi ne ba gasa ba, don ya kuɓuta daga hukumar wasanni. Mai abu ya ce dirama ne, Injiniya ya ce tarihi ne. Wa za mu bi?

Injiniya_Bash
Dirama ba ta da tarihi ne?

Ɗan_Tawa
Tana da shi. Amma ba a ba ta takobi.

Ɗan_Fagge88
Ni dai na ɗan sauko, ban sauka duka ba. Maganar ɗan Gulas ta shige ni, don na ga biro kaɗai ba ya yi. Amma har yanzu ina ganin da Lawler ba shi da kaso a kamfanin, da wani ya samu rabin hamsin ɗin nan. Dundee fa? Dutch Mantel fa, wanda na ga har tafi ake masa ranar da ya kara da Sarkin? Wa ya san iya inda za su kai da an sakar musu?

Direban_Tirela_US
Mantel ya riƙe shi ai, ba sau ɗaya ba. Shi ne dattijon nan mai gashin baki da ya dawo WWE da sunan Zeb Colter. An gama sauke min kaya, sai na tsaya a gaba.

Kawu_Sale
Allah ya tsare hanya. Malam Nura, turo min bidiyon gonar nan da aka ce dajin Afirka ne, amma gajere, datata ta kusa ƙarewa. Akwai wani abokina a Sabon Gari da muka yi musu da shi tun 1992 kan Kamala, ya ce ɗan Amurka ne na ce ƙarya yake. Sai na gani da idona kafin in kira shi.